Taga Ta Uku

Ni ɗan safiyo ne. Shekara talatin da ɗaya
ina bin ƙasar Filato da igiyar awo da turaku.
Abin da bai hau ma'auni ba
ban taɓa shimfiɗa masa tabarma a kaina ba.

Yaya Sabitu kuwa mai fentin bayan mota ne a Dilimi,
bahago, farcensa kullum shuɗi.
Direba ya ce zaki, ya zana zaki.
Direba ya ce ɗawisu, ya zana ɗawisu.
In aka ce, "Malam, yi abin da ranka ya so,"
sai ya zana gidanmu na Gangare.

Kuma kullum da kuskure.

Na sha gaya masa:
"Yaya, taga biyu ce a gidan nan, ba uku ba.
Dutsen da ke baya bai kai rabin wannan ba,
bishiyar fiya kuma tana hagu, ka kai ta dama."
Sai ya goge buroshi a cinya,
ya ce, "Injiniya, kawo igiyarka ka auna,"
ya yi dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari.

Tarin ne ya tafi da shi, damina uku ke nan.
Ban yi kuka ba. Lissafi na yi:
kuɗin asibiti, likkafani, bashin mai fenti.
Na raba gado, ko sisi bai yi ciwon kai ba.
Mutane suka ce, kai, bawan Allah akwai dauriya.

Jiya da la'asar, a cunkoson Farin Gada,
hadari ya taso daga wajen Shere,
ƙanƙara ta fara ƙwanƙwasa rufin motata,
sai ga wata tsohuwar gingimari a gabana
maƙare da buhunan dankali da kabeji.
A ƙyauren bayanta, ƙarƙashin laka,
gidanmu.

Idona ya kama aiki tun ban ba shi izini ba:
ɗaya, biyu, uku. Har yanzu uku.
Jan buroshin ya karkata irin na bahago.
Wannan hankali ne ya gaya mini, na kuwa gode masa,
ba don shi ba da na ɗauka hannun wani ne.
Amma nan ya tsaya,
kamar ɗan rakiya a bakin rafi.

Wanda ya ƙetare da ni ba shi da suna a ofis.
Wani abu ya tokare ni a ƙahon zuci,
na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da warin kananzir,
na ga daminar da bango ya tsage
a ɗakin da muke kwana, ina ɗan shekara shida.
Baba yana ramin kuza, babu kuɗin gyara.
Na ƙi barci, na ce dodo zai leƙo.
Yaya ya ɗora ni a wuya, ya ce,
"Wawa, ai taga ce. Leƙa ka ga wata."
Na leƙa. Na ga wata. Na yi barci.

Dutsen ma ashe daidai yake,
haka tsayinsa yake ga mai shekara shida.

Fiyar ce har yanzu ban gane ba.
Wataƙila mantuwa ce kawai, shi ma ɗan Adam ne.

Na baya suna ta danna hon.
Wani mai talla ya ƙwanƙwasa gilashi: "Baba, lafiya?"
Na sauke, na ce ruwa ne ya fantsamo mini.
Ya dubi gilashin, ya dube ni, ya wuce.

Motar ta karya kwana, ta nufi hanyar Zariya.
Na riƙe lambarta, sabo ba ya barin mutum.

Da dare na ɗauko tsohuwar taswirar gidan,
wadda na zana da hannuna, har da hatimi.
Taga biyu. Ba ta yi ƙarya ba.
Shi ma bai yi ba.
Na daɗe riƙe da fensir a kan bangon gabas
har Balaraba ta leƙo daga ɗaki,
ta ce, "Malam, shayinka fa ya huce."