Baki a Buɗe

Ni ce Tsahara ungozoma, ta bayan dutsen Garin Malam.
Rabin 'yan kabu-kabun nan da ke neman take ni
ni na yanke musu cibiya.
Ba su sani ba. Su yi ta gudu.

Aska ɗaya gare ni, gadon innata,
shekara talatin tana kwana a gwangwanin tumatir.
In goge ta da gefen zane,
in yanka, in barbaɗa toka,
a sallame ni da sabulu da tiyar hatsi.

Wasu sun yi gemu.
Wasu ba su kai suna ba.

Ɗan Barira ne ke hana ni barci.
Kwana shida, rago na ɗaure a gindin bedi,
an riga an jiƙa gero,
sai yaro ya ƙi nono.
Ba ƙi ba ne, bakin ne ya kulle
kamar ɗakin da aka tafi kasuwa da makullinsa.
Ya sandare, ya lanƙwashe kamar baka.
Muka ce iska. Muka ce mayya.
Har muka daina gai da wata tsohuwa a bakin rijiya,
ta rasu ba wanda ya nemi gafararta.
Ni kuwa na wanke hannu,
na mai da askata gwangwani.

Sai da furfura ta gama da kaina
wata 'yar likita, sa'ar autata,
ta ce, "Iya, kawo mu gani."
Ta juya tsatsar a rana, ta yi shiru.
Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Yau na goyo jikana Hankurau.
Uwarsa na layin famfo tun asuba,
a Damagaram in ruwa ya zo, ko naƙuda sai ta jira.
Kati a cikin leda, leda a cikin riga.
Zuwa na uku ke nan.

A na farko, yana da sati shida,
ya kwana da zazzaɓi, cinya ta tasa,
ubansa ya ce ba a ƙarawa.
Na ce: Ilu, zauna.
Ka taɓa jin tarin shiƙa tsakar dare?
Yaro ya yi ta yi, ya yi ta yi, har idanu su firfito,
sannan ya jawo numfashi
kamar ɗan zakaran da bai iya cara ba?
Ka taɓa leƙa maƙogwaron mai mashaƙo,
ka ga yana ta rufe hanya,
wuya ya kumbura ya kai na sa?
Ni na gani, da haƙorana talatin da biyu a lokacin.
Zazzaɓin kwana ɗaya kuɗin mota ne, ɗana.
Biya, a wuce da kai.

Benci ya cika, inuwa ta gudu ta bar mu.
Mai allura ta buɗe shuɗin akwati,
sanyi ya lashi ƙafata.
Ta ɓare sabuwa a gaban idona,
ta soka sau ɗaya, ta jefa a kwali.
Sau ɗaya!
Na ƙirga shekarun askata, na sunkuyar da kai.

Hankurau ya tsala ihu.
Mata na cewa, yi shiru, yi haƙuri,
ni ina cewa buɗe, ɗan nan, buɗe,
in ga dasashi, in ga beli,
a ji ka har Kasuwar Dole.
Suka ce tsohuwa ta zautu.
Su ba su taɓa sa cokali tsakanin muƙamuƙin jinjiri
cokalin ya ƙi shiga ba.

Da dawowa na bi ta gaban Barira,
tana tsame ƙosai, ita ma ta fara furfura.
"An yi?"
"An yi. Na uku."
Ta miƙo guda biyu, wai na mai kuka,
shi da ko haƙori bai fitar ba.

Na karɓa. Da zafi.
Maganar ta taso har maƙoshina,
shekara nawa tana tasowa,
sai na ce mata, "Yaya kasuwa?"

Ashe ni ma nawa bakin a kulle yake.