Sa Hannu

Shekara hamsin da shida
babban yatsana ke shan tawada a madadina.
Yanzu a Bilbis, nan Tawa,
in na sauke kaskon ƙosai
jikata Ramatu ke buɗe mini kaye.

H ta zo da sauƙi, tsani ce mai taki ɗaya.
S kuwa ta ƙi ni,
kullum ta juya baya kamar akuya ta ga turke.
Na goge har takarda ta huje.
Hannun da bai tsoron tafasasshen mai
sai rawa gaban ɗan layi.

Jiya a asusun mata aka miƙo tawada.
Na ce, ba ni bik.
Habsu.
S ɗin ta ɗan karkace,
amma ta fuskanci inda na ce.