Noti Biyu

A Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta,
Masta Mumuni yana da injin huda
wanda ya girme ni, ya girmi rumfar.
Kore ne a da. Yanzu sai ka leƙa ƙarƙashi ka ga shaida.

Shekarata ta biyu a hannunsa
Kwadwo Boakye ya kawo kan injin turoturo,
kusa ta karye a ciki, ta tsaya kamar ƙaya a maƙogwaro.
Masta ya tafi jana'iza Abuwabo.
Na ce, wannan ai kafin kokona ya huce.

Na ja hannu. Ƙarfe ya yi ƙara, ya zubo gari.
Na ƙara ja. Akwai daɗi a saukar tsinke,
daɗin da ba ya ce maka ya isa.
Sai hannu ya tafi sakwaf.
Na ɓula hanyar ruwa.
Kwadwo ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar.

Masta bai ɗaga murya ba.
Ya biya, sidi a kan sidi, daga kuɗin rufin ɗakinsa.
Da la'asar ya kira ni gefen injin,
ya nuna sandar nan mai zare da nake rataya tsumma a kai.

Ya ce, ka san sunan wannan?
Linzami ne.
Sauko da tsinke, injin a kashe,
har bakinsa ya sumbaci aiki. Nan ne farkon lissafi.
Auna zurfin da kake so, murɗo noti ya tsaya can.
Kawo na biyu, ɗaure shi a bayan ɗan'uwansa,
sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta matse.
Noti ɗaya maƙaryaci ne,
girgiza na lallashinsa, yana ja da baya kaɗan kaɗan,
rami na goma ba zai yi kama da na fari ba.

Na ce, wasu salatif suke naɗawa a tsinke.
Ya ce, salatif na tsoron zafi, yana tsoron mai,
yana hawa sama kai kana bin sa ƙasa.
In sanda ta ɓata, yanko guntun bututu,
zura wa tsinke kamar hannun riga,
abin da ya leƙo shi kaɗai zai shiga.
Ko ka ɗaura zoben tiyo a wuyan injin.
Kuma kada ka sa wuya ya miƙe har ƙarshe yana rawa.
Ɗago tebur. Aiki ya zo wurin tsinke.

Ya jefo min guntun ƙarfe daga bola.
Gwada a nan. Rami arba'in, milimita sha biyu.
Ya bi su ɗaya ɗaya da tsinken tsintsiya.
Na talatin da ɗaya ya zarce.
Aka ɗauke wuta. Muka zauna jira, sauro na cin mu.
Da ta dawo ya ce, daga farko.

Yau rumfar tawa ce.
Kan injin Kwadwo na nan yana tokare ƙofa,
in an yi ruwa ramina yakan cika.

Jiya Rahinatu, wata uku da fara koyo,
ta karya min tsinke sabo, na kuɗi.
Ta tsaya riƙe da rabi a tafin hannu.
Na ji magana na saukowa daga ƙirjina,
tana juyawa, tana da kaifi,
na san inda za ta ɓulla in na ƙara ja.

Na ce, miƙo sifana sha bakwai.
Guda biyu.