Ƙofar da Ta Tsuke

Shekara ashirin da shida a kan kujerar katako,
ina tuƙa akwatin da ke hawa dutsen Valparaíso,
sama da ƙasa, ƙasa da sama,
har kujerar ta biya ni ladana: basir.

Aka yanke shi wata Talata cikin Yuni,
ana ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Likita Ilabaca ta ce, sati shida ka manta da mu.

Na bakwai ya zo da nasa.
Ciwo ya warke, amma warkewar marowaci:
tabo ya zuge bakin jaka,
abin da ke fita bai fi kaurin fensir ba,
shi ma sai na ciji tawul,
na ƙirga tayil ɗin bango, arba'in da ɗaya, ɗaya a fashe.

Sai na fara tsoron abinci.
Herminia ta dafa wake da kabewa, na ce na ƙoshi.
Ta soya kifi, na ce anjima.
Bel ɗina ya nemi sabon rami.
Kwana tara ba ta tanka ba,
ran na goma ta tsaya a bakin ban-ɗaki:
"Evaristo, ni na yi jinyar mahaifinka har ya cika.
Wace kunya ta rage a gidan nan?"

Likita ba ta yi mamaki ba.
Ta ce dubura ce ta tsuke, yakan faru bayan tiyata.
Ta jera mini sandunan roba uku a kan tire,
ƙarama, matsakaiciya, da wadda na ƙi kallo.
Kullum dare, da man shafawa, bayan zama a ruwan ɗumi.
In sun gaza, a koma ƙarƙashin wuƙa.

Yau wata biyu. Ina kan ta tsakiya.
Jiya na ci rabin kwanon wake.
Da sassafe na leƙa taga,
wani jirgin ruwa mai faɗin unguwa na shiga tasha,
ƙananan jirage biyu na lallaɓa shi,
a matsa kaɗan, a tsaya, a matsa.
Na kalla har shayina ya huce.

Herminia ta ɗinka mini matashi mai rami a tsaka.
Na tafi da shi aiki cikin leda.
'Yan makaranta suka tambaya,
na ce na kyanwa ne.