Rumfar Bayan Kara

Ni aka ba littafi,
wai rubutuna ba ya karkata.
Shafin farko: mutum tara, naira dubu sha ɗaya,
bokiti biyu, almakashi, kwalbar shuɗin magani,
da tsohuwar rumfar injin niƙa
da Arzika ya ba mu aro a bayan kara.

Ran da muka kafa allo, Jega ta yi dariya.
Mai shayin bakin hanya ya ce,
"Mutum bai ƙoshi ba, kuna jinyar jaki?"
Ban amsa ba.
Ni ma cikina ƙugi yake a lokacin.

Sati uku ba wanda ya leƙo
sai ƙuda, sai akuyar maƙwabta,
ita ma takardar sanarwa ta zo ci.

Sannan Nomau, mai ɗibar yashi a gulbi,
ya zo da almuru don kada a gan shi,
yana jan aura mai ɗingishi.
Muka ɗaga akumari.
Abin da ke ƙarƙashi ba zan rubuta ba.
Hakilu, da ya yi shekara biyu yana karatun dabbobi,
sai da ya juya ya tofar da yawu.

"Kwana goma, ba mangala," in ji shi.
Nomau ya ce, "Kwana goma wa zai ci da bakuna shida?"
Nan muka ga abin da tsarin ƙungiya bai hango ba:
mikin a bayan jaki yake,
saiwarsa tana cikin tukunyar gidan Nomau.

Na rubuta: gero, tiya huɗu.
Tumba ta leƙo, "A wane shafi? Ai shi ba dabba ba ne."
Na ce, "Shafin jaki."

Tun daga nan Tumba ke tsintar tsumma a shagon tela,
tana murza dabaibayin da ba ya yanka ƙafa.
Muka raba durom biyu, muka yi kwami;
rana tsaka za ka ji tsotson ruwa
kamar ana jan zare a cikin shiru.

Ba duka muka ci ba.
Wata na huɗu aka kawo tunkiya, ciki kamar ganga,
leda ce, baƙa, ta fi cikin kwarya,
mun makara da kwana biyu.
Akwai karen da mota ta taka a hanyar Birni,
Hakilu ya kwana a kansa, da asuba ya cika.
Mun yi gardamar wa zai haƙa rami,
ƙarshe duk muka haƙa.
Mutum biyu suka bar ƙungiya a satin,
ɗaya da bokitinmu.

Yau wata bakwai.
Jakuna talatin da huɗu, awaki sha tara,
raƙumi ɗaya da ya fesa wa shugaba kumfa a hula.
Saura a gwangwani: dubu biyu da ɗari uku,
da wata ɗari biyar da ta yage, ba mai karɓa.

Jiya bayan isha'i mai shayi ya zo
da kwalin madara a hammata,
ciki 'yar mage, ruwan zafi ya salle mata baya.
"Ba tawa ba ce," in ji shi, "kuma kada ka sa sunana."
Na rubuta: wani mutum.

Da hantsi aura ya wuce, yashi na zuba daga mangala,
sabon akumari mai laushi,
farin gashi ya toho inda mikin yake.
Nomau ya ɗaga sanda, gaisuwa ce, ba duka ba.
Jakin ko kallon rumfar bai yi ba,
ya tsaya dai a kwami, ya sha, ya yi gaba.

Na nemi shafin da zan sa wannan,
ban samu ba.