Mil Ɗari

Sati uku Inna ta yi tana tara shi
daga nonon saniya guda da ta rage mata a Wurno.
Ta soya shi da albasa har maƙwabta suka leƙo,
ta ɗura a kwalba, ta toshe bakin da leda,
ta naɗe da zare kamar mai ɗaurin karaya.
Ta ce, "Kai ma Saude. Mai jego ta.
Mutanen Ikko ba su san man ƙwarai ba."

Gindin randa ya kwana.
Da asuba ko ka kifa kwalbar ba ya motsi.
Jirgin ƙarfe tara ya koma na sha biyu,
na sha biyu ya koma "ku ƙara haƙuri".
Mu dai mun yi.
Wa ya taɓa ganin man shanu ya yi haƙuri
da ranar Sakkwato a tsakiyar bazara?

Na kwance agogo, na tuɓe takalmi,
jakata ta shige cikin akwatin nan mai ganin hanji.
Yaron da ke tsaye, Jelani aka rubuta a ƙirjinsa,
ya ɗago kwalbar, ya girgiza.
"Mi an nan ciki?"
"Man shanu na."
"Ruwa na, Malam."
Na ce da safe ba ruwa ba ne.
Ya ce shi bai ga safe ba, yanzu yake gani.

Mil ɗari, in ji doka.
In raba shi ƙananan kwalabe, ya wuce da mutuncinsa,
in bar shi a haɗe, ya zama ɗan ta'adda.
Ashe zumunci ne laifinsa.
Na ce in lasa a gabanka. Ya ce babu a takarda.
Na ce in mai da shi awon kaya. Ya ce an rufe.

Sai ya jefa shi a kwandon da ke gefen ƙafarsa.
Na leƙa.
Zumar wani tsoho, humrar wata mata,
man kaɗanya, ruwan roba da aka sha rabi,
duk abin da ake tsoron ya tarwatsa jirgi
ga shi jibge wuri guda
kusa da ƙafar yaro mai hamma.
In wuta ce, haka ake ajiyar wuta?
In ba wuta ba ce, tukunyar wa za ta yi ƙamshi yau da dare?

Taku goma bayan ƙofa
ga ruwan nan dai, robarsa, tambarinsa,
kuɗinsa ne kawai ya ninka uku.
Ya tuba ke nan da ya ƙetare?
Wani mai babbar riga ya bi ta ƙofar gefe,
yaronsa na rungume da fulas.
Akwatin bai ga hanjinsa ba.

Ba na jin haushin Jelani.
Ni ma so nake in sauka da raina,
na san akwai masu mugun nufi a duniya.
Amma rigar nan a ƙasar sanyi aka ɗinka ta,
inda mai ke zama yadda aka aje shi,
aka kawo mana ba a gwada wuyanmu ba.
Mai tsaro da ba a bar shi ya shinshina ba,
ba a bar shi ya yi tunani ba,
me ya fi ƙyauren da yake tsare?

Zaren ne ya rage a hannuna,
ya jiƙe, ya shafi bakin rigata.
A Agege, kafin in zauna,
Saude ta kama hannun rigar, ta kai hanci,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Jaririn na ta motsi a kafaɗarta.
Can ta ce, "Ina sauran?"

Wayata na ringin a aljihu.
Na san Inna ce.