Katantanwar Cikin Kai

Shekara arba'in ina bisa ruwa a Aveiro,
ban taɓa amai a kwale-kwale ba.
Yau ga ni kwance kan daɓen ɗakin girki,
teku ta biyo ni har gida.

Takan yi sallama kafin ta shigo.
Kunnen hagu ya cika tim,
kamar an ɗura ruwa an toshe da auduga.
Sai gurnani, can ƙasa-ƙasa,
irin na injin jirgin masunta
da aka manta ba a kashe ba.
Da na ji shi, sai in yar da manjagara
in nemi bango.

Daga nan ɗaki ya tsinke.
Rufi ya bi taga, taga ta bi ƙofa,
hoton aurenmu ya gifta sau goma
ido bai kama shi ba.
Zufa mai sanyi. Bokiti.
Ermelinda ta ce ƙwayar idona na fizga
kamar kifin da aka jefa tudu.
Awa uku, wata rana biyar,
ina rungume da ƙafar gado
sai ka ce ni ke hana gidan kifewa.
In ta lafa, in kwana biyu kamar wankin da aka matse.

Wata Asabar a kasuwar kifi
ƙasa ta hankaɗe ni, ba jiri, ba sallama.
Ina tsaye, sai ga kumatuna kan dutse.
Wani yaro ya ce, "Tsoho ya sha tun da safe."
Ban tanka ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Likita a Coimbra ta zana katantanwa
a bayan takardar magani.
Ta ce, "Ga ta can cikin kanka, ruwa ya yi mata yawa."
Na ce, "To, wa ke murza ta?"
Ta ɗaga kafaɗa.
Ta ce, "Rage kofi. Gishiri kuwa, ku yi bankwana."
Ni Belmiro, ɗan mai gishiri, jikan mai gishiri,
ni da ke tara shi tsibi-tsibi har ya fi ni tsawo,
yau ni ke shan miya lami.

Kowane zuwa, sai ta tafi da wani abu,
yadda ruwa ke zaizayar gaɓa.
Muryar ƙanena Custódio ta fara tafiya,
don mai kauri ce.
Kukan tsuntsayen teku na nan daram.
Abin haushi, cokali in ya faɗi
sai ya tsaga min kai,
amma "ina kwana" sai an maimaita.

Akwai ranakun lafiya, kar in yi butulci.
Nakan fita da sanda,
in bi siririyar ganuwa tsakanin fadamun gishiri,
idona kafe kan hasumiyar fitilar Barra,
ina gwada kowane taku kamar mai sayen ƙwai.

Ermelinda ta koma tafiya ta damana,
ta sauya gefen gado ba tare da shawara ba.
Amma jiya da dare ta zagayo hagu,
ta sa baki a mataccen kunnen,
ta faɗi wata magana mai tsawo.
Ɗumin numfashinta kawai na ji.
Na ce, "Me kika ce?"
Ta ce, "Wannan ba naka ba ne, na tekun ne,"
ta kashe fitila.